Hajiya na shan omeprazole tare da diclofenac, me ya sa jininta ke raguwa?

"Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata shekarunta 68, tana fama da ciwon gwiwa. Kusan shekara guda ke nan tana shan diclofenac safe da yamma, aka haɗa mata da omeprazole don kada olsa ta kama ta. Kwanakin baya ta fara yawan gajiya da haki, aka gwada jininta aka ce PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jininta, ya sauka zuwa 26. An zura mata kyamara ta baki, aka ce cikinta lafiya lau, babu gyambo. Sai wani ya ce mini wai shi omeprazole ɗin ma yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, yana ƙara ɓarnar maganin ciwon. Gaskiya ne? Mu daina ba ta omeprazole ɗin?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya, kai kuma Ya ba ka ladan ɗawainiya. Idan na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne an ba da maganin kariya, an leƙa ciki an ga kariyar ta yi aiki, amma jini sai raguwa yake yi. To ta ina yake fita, kuma shin maganin kariyar yana da hannu?

Wanda ya gaya maka wannan magana bai yi ƙarya ba, sai dai rabi ya faɗa. Omeprazole da 'yan'uwansa suna canza irin bakteriyar da ke zaune a hanji, kuma akwai bincike da ya nuna hakan na iya ƙara ɓarnar da irin su diclofenac ke yi wa ƙaramin hanji. Amma mai yin raunin tun asali diclofenac ne. In kuka cire omeprazole kuka bar Hajiya tana shan diclofenac safe da yamma, kun bar jaki kuna dukan taiki, kuma kun buɗe wa tumbinta ƙofar gyambon da zai iya zubar da jini mai yawa a dare ɗaya. Kada ku taɓa omeprazole tukuna. Maganin ciwon za a fara zama a kansa da likitanta, kuma a makon nan, ba sai ranar da aka rubuta mata ta koma asibiti ba.

Inda aikin omeprazole ya tsaya

Diclofenac, ibuprofen, piroxicam, naproxen, indomethacin da aspirin duk 'yan gida ɗaya ne, likitoci na kiransu NSAID. Suna rage ciwo da kumburi ta hanyar hana jiki yin wasu sinadarai da ake ce wa furostagilandin. To sinadaran nan ba ciwo kaɗai suke jawowa ba. Su ne ke sa bangon tumbi ya fitar da ruwa mai yauƙi da ke lulluɓe shi, su ne kuma ke sa jini ya wadata a bangon don ya gyara kansa idan ya kurje. Da zarar sun ragu, asid ɗin tumbi sai ya tarar da bango ba kariya. Gyambon ciki ke nan, wanda muka fi sani da olsa.

Omeprazole, esomeprazole, lansoprazole, pantoprazole da rabeprazole, waɗanda ake kira PPI, suna toshe 'yan famfunan da ke fitar da asid ɗin. Tumbin da ba abinci a ciki yana tsakanin 1 da 2 a ma'aunin pH, wanda ake auna ƙarfin asid da shi. Mai shan PPI kullum, nasa yakan haura 4 na sa'o'i da yawa a yini, kuma kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ragin ninki goma ne. Ka ga asid ya ragu ninki ɗari zuwa dubu. Shi ya sa aka leƙa cikin Hajiya aka tarar da shi lafiya. Maganin ya yi abin da aka ba da shi dominsa.

Amma asid a tumbi yake aiki, sai kuma ɗan farkon ƙaramin hanji mai tsawon santimita 25 ko makamancin haka. Daga nan ruwan da ke gangarowa daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya kashe ƙarfinsa. Ƙaramin hanji kuwa ya kai mita 6. Kyamarar da ake zurawa ta baki iyakarta wannan ɗan farkon, wadda ake zurawa ta dubura kuma babban hanji take gani da ɗan bakin ƙarshen ƙaramin. Duk abin da ke tsakani, mita biyar da ɗoriya, ba a ganinsa da waɗannan na'urori biyu. A can babu asid ɗin da za a rage, saboda haka omeprazole ba shi da abin da zai kare.

Yadda maganin ciwo ke cin ƙaramin hanji

A nan ɓarnar ta wata hanya take bi. Bayan diclofenac ya shiga jini, hanta kan ɗaura masa wani ɗan sinadari mai kama da sukari don ta raba shi da ƙarfinsa, ta tura wani kaso nasa cikin ruwan maɗaci zuwa hanji domin a fitar da shi. A cikin hanji akwai bakteriyar da ke da makamin kwance wannan ɗauri. Suna kwancewa, maganin ya dawo da ƙarfinsa daidai jikin bangon hanji, ya sake shiga jini, ya koma hanta, ya sake gangarowa. Ƙwaya ɗaya sai ta wanke wuri ɗaya sau da yawa. Maganin gauraye da ruwan maɗaci yana sassauta haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin halittar bangon, bangon ya fara yoyo, bakteriya su kutsa ta kafofin, jiki ya turo dakarunsa, kumburi ya tashi, rauni ya buɗe.

An daɗe da sanin cewa bakteriya na tsakiyar wannan lamari. Tun a 1977 aka nuna cewa ɓerayen da aka raina ba tare da ƙwayar bakteriya ko ɗaya a cikinsu ba, in an ba su indomethacin, ba sa samun gyambon hanjin da ke kama sauran ɓeraye. Haka kuma in aka ɗaure hanyar ruwan maɗaci, raunin ba ya fitowa.

A jikin mutane kuwa, sai da aka samu ƙwayar kyamara da ake haɗiya, wajen shekarar 2001, sannan aka ga girman abin ido da ido. Tsawonta milimita 26, kaurinta 11, tana bin hanji tana ɗaukar dubban hotuna na kusan sa'a takwas. Abin da take nunawa a hanjin masu shan waɗannan magunguna shi ne jajayen ɗigo-ɗigo, wuraren da fatar ciki ta saluɓe, da ƙananan gyambuna masu farin tsakiya da jan baki. A wasu da suka shekara da shekaru suna sha, tabo kan zama siririn zobe da ya kewaye hanjin ta ciki, ya matse hanyar har abinci ya riƙa tsayawa. A 2005 masu bincike a Landan sun ba lafiyayyun mutane 40 diclofenac miligiram 75 sau biyu a rana tare da omeprazole, na mako biyu kacal. Kashi 68 cikin ɗari sun fito da sabuwar ɓarna a ƙaramin hanji. Lura da kyau, haɗin da Hajiya ke sha ke nan, ita kuma shekara ta yi.

Mafi yawan waɗannan raunuka ba sa ciwo. Jini ne ke tsattsafowa kaɗan-kaɗan, wanda ido ba ya gani a bayan gida, har sinadarin ayon na jiki, wanda ake gina jini da shi, ya ƙare. Sai gajiya, jiri, haki in an ɗan yi tafiya, tafin hannu da cikin ido su yi fari.

Hannun omeprazole a ciki

Omeprazole ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne, ba ya kashe bakteriya masu amfani kai tsaye kamar yadda aka gaya maka. Mai gadi yake sallama. Kullum mutum na haɗiye miyau fiye da lita guda, cike da bakteriyar baki, ga na abinci da ruwa. Asid ɗin tumbi ke hallaka mafi yawansu. Idan ya yi sanyi, sai su wuce su sauka a hanji, su yi gogayya da 'yan gida. A 2016 an buga bincike biyu manya, ɗaya daga Groningen ta ƙasar Holan a kan mutum 1,815, ɗaya a kan tagwaye 1,827 a Birtaniya. Duka biyun sun tarar da bakteriyar da aka sani da zaman baki da maƙogwaro, irin dangin Streptococcus, sun yawaita a bayan gidan masu shan PPI, kuma yawan ire-iren bakteriyar hanjinsu ya ragu.

Wanda ya haɗa wannan da maganin ciwo shi ne John Wallace da abokan aikinsa a Jami'ar McMaster ta Kanada, a 2011. Sun ba ɓeraye omeprazole ko lansoprazole tare da naproxen ko celecoxib, wanda shi ma maganin ciwo ne ɗan gidan NSAID. Tumbin ya tsira, amma gyambo da zubar jini a ƙaramin hanji suka ƙaru sosai. Da suka duba, sai suka ga wani rukunin bakteriya da ya haɗa da Bifidobacteria ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Da aka mayar wa ɓerayen da irin waɗannan bakteriya, ɓarnar ta lafa. Abin da ya fi ƙarfafa hujjar shi ne sun ɗebo bakteriyar hanjin ɓerayen da suka sha PPI suka zuba wa wasu da ba su taɓa shan maganin ba, kuma su ma suka fi saurin samun raunin.

Ɓera ba mutum ba ne, don haka aka gwada a Japan, aka buga sakamakon a 2016. Lafiyayyun mutane 57 suka sha celecoxib na mako biyu, wasu tare da rabeprazole, wasu tare da ƙwayar da ba magani a cikinta. Masu rabeprazole, kashi 44 cikin ɗari sun samu rauni a ƙaramin hanji. Ɗaya ɓangaren kashi 17.

A nan sai a yi adalci. Wannan gwaji ƙarami ne, na mako biyu, a kan masu lafiya, kuma abin da aka ƙirga raunukan da kyamara ta gani ne, waɗanda da yawansu kan warke da kansu in an daina maganin. Amfanin PPI wajen hana zubar jini daga tumbi kuwa an tabbatar da shi a kan dubban majinyata. A Hon Kon an bi mutanen da olsarsu ta taɓa zubar da jini: waɗanda suka sha celecoxib shi kaɗai, kusan 9 cikin ɗari sun sake zubar da jini cikin wata 13, waɗanda aka haɗa musu da esomeprazole kuwa ko mutum ɗaya bai sake ba. Don haka a wurin wanda ya haura shekara 65, ko ya taɓa olsa, ko yake haɗa maganin ciwo da aspirin, prednisolone, dexamethasone, warfarin ko clopidogrel, ina tsaye a kan a ba da PPI muddin ana shan NSAID. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki omeprazole a matsayin lasisin shan diclofenac har abada, da kuma yadda ake miƙa wa matashi mai shan ibuprofen na kwana uku fakitinsa ba tare da wani dalili ba.

Wata magana da ta shafe mu musamman: asid ɗin nan shi ne ke rage ƙwayoyin kwalara, taifot da sauran masu sa gudawa kafin su isa hanji. A wani babban gwaji na mutum 17,598 da aka bi shekara uku, cutar hanji ta kama kashi 1.4 na masu shan pantoprazole, da kashi 1.0 na waɗanda ba sa sha. Bambancin ba shi da girma, amma ga tsohuwar da ke shan PPI a unguwar da ake sayen ruwan garuwa, musamman da damina, tafasa ruwan sha ya zama dole.

Abin da za a yi wa Hajiya

PCV na mace mai lafiya yana kamawa daga 36 ne zuwa sama, don haka 26 ba ƙaramar sauka ba ce. Kuma kada mu yi saurin ɗora komai a kan diclofenac don kawai labarin ya yi daidai. Duk mai shekarun Hajiya da jininsa ya ragu saboda ƙarancin ayon, sai an duba babban hanjinsa da kyamara ta dubura, domin sankarar babban hanji haka take farawa, shiru, ba ciwo. Mutane na ƙyamar wannan gwaji, na sani, amma ku lallashe ta. Ba a cewa ƙaramin hanji ne sai an duba sama da ƙasa an ga lafiya.

Tare da haka a yi cikakken gwajin jini da na feritin don a tabbatar ayon ne ya ƙare. A duba bitamin B12, domin daɗewa a kan omeprazole na rage shi, haka ma metformin in tana da ciwon sukari. A gwada aikin ƙoda, saboda diclofenac na taɓa ƙoda, ƙoda mai rauni kuma na jawo ƙarancin jini. A kai bayan gida a duba tsutsar ciki da ɓoyayyen jini. A tambaya ko an nemi ƙwayar Helicobacter pylori, bakteriyar da ke jawo olsa, lokacin da aka zura kyamarar. Tana da yawa a ƙasarmu. Sai dai omeprazole na ɓoye ta, gwajin bayan gida ko na numfashi ba ya zama abin dogaro sai an yi mako biyu ba a sha shi ba, don haka wannan sai bayan an daina diclofenac.

Ranar zuwa asibiti, ku zuba duk abin da take sha a leda ku tafi da shi, har da wanda ba likita ya rubuta ba. Abin da aka fi yawan tararwa shi ne mutum na shan NSAID biyu ko uku bai sani ba: diclofenac na asibiti, haɗin kyamis na ciwon jiki mai piroxicam ko ibuprofen da dexamethasone a ciki, hodar ciwon kai mai aspirin, ga kuma aspirin miligiram 75 na zuciya. Shi wannan na ƙarshe kada a daina shi sai da izinin wanda ya rubuta.

Gwiwa kuwa gaɓa ce da ke kusa da fata, don haka man shafawa na diclofenac yana aiki a kanta sosai, kuma abin da ke shiga jini daga gare shi bai wuce kusan kashi 6 cikin ɗari na abin da ƙwaya ke kaiwa ba. Ana shafawa sau uku zuwa huɗu a rana, a ba shi mako biyu kafin a yanke masa hukunci. A haɗa da paracetamol giram 1 sau uku a rana, ba ya cikin gidan NSAID. A nemi masu gashin ƙashi na asibiti su koya mata motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya, ta riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren gwiwar mai ciwo, ta yi salla a kan kujera ranar da ciwon ya motsa. In ya yi tsanani, likitan ƙashi na iya yin allura cikin gwiwar.

Idan duk da haka sai an sha ƙwaya, celecoxib ya fi sauƙi ga hanji. A wani gwaji na majinyata sama da 4,400 da aka buga a 2010, matsalar ciki da hanji mai muhimmanci, yawancinta raguwar jini, ta sami kashi 0.9 na masu shan celecoxib da kashi 3.8 na masu shan diclofenac tare da omeprazole. Amma shi ma yana iya ɗaga hawan jini ya taɓa ƙoda, kuma bai dace da mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ba, kamar yadda diclofenac ɗin ma bai dace da su ba. Wannan zaɓi na likitan da ya auna ta ne, ba na wanda ke amsa wasiƙa daga nesa ba.

Ƙwayar ƙarin jini, ferrous sulphate miligiram 200, sau ɗaya a rana ta wadatar, ko rana bayan rana in tana damun ciki. Kada a sha ta da shayi, a ba da tazarar sa'a biyu. Omeprazole na rage shigar ayon jiki, wannan ma wani hannun nasa ne a lamarin. A sake PCV bayan mako huɗu. In an daina diclofenac, ana shan ayon, ya kamata a ga ya hau da maki huɗu zuwa shida, kuma a ci gaba da sha wata uku bayan ya daidaita. In bai motsa ba, jini na ci gaba da fita, lokacin neman ƙwayar kyamara ya yi, ko da sai an je wani gari.

Dabarun da ba sa fisshe mu

Ƙwaya mai rufin da aka ce ba ta narkewa a tumbi, da wadda ke sakin magani a hankali, ƙasa suke tura ɓarnar, can cikin ƙaramin hanji. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Allurar diclofenac da wanda ake cusawa ta dubura su ma ba mafita ba ne, tunda maganin ta jini da ruwan maɗaci yake isa hanji. Shan magani bayan cin abinci na rage ƙwannafi da ɗacin rai, ba ya hana gyambo.

Akwai gwajin da aka buga a 2019 da ya nuna wani nau'in Bifidobacterium breve ya rage raunin da aspirin ke yi wa ƙaramin hanji, amma nau'i ne guda da aka ware aka auna. Ba za a ce kindirmo ko yogot na shago zai yi wannan aiki ba, ko da yake ba laifi ta sha in yana mata daɗi. Magungunan kashe bakteriya irin su metronidazole da rifaximin sun rage ɓarnar a gwaje-gwaje, sai dai ba a ɗora mutum a kansu wata da watanni don ya samu damar shan maganin gwiwa. Wani magani mai suna misoprostol kuwa an nuna yana warkar da gyambon ƙaramin hanji a gwaji mai inganci, amma yana sa gudawa da murɗar ciki, kuma yana zubar da ciki, don haka in an rubuta wa Hajiya shi a adana shi inda wata mai juna biyu a gidan ba za ta ɗauka da sunan maganin olsa ba.

Ranar da aka daina diclofenac gaba ɗaya, kuma ba wani dalilin da ya rage, sai a zo kan omeprazole. Wanda ya shekara yana sha, in ya tsaya farat ɗaya, asid kan dawo da ƙarfi fiye da na da, ƙwannafi ya taso na mako biyu ko fiye, har ya ɗauka olsa ce ta kama shi ya koma sha. Ana ragewa ne: rabin adadin na mako biyu, sai rana bayan rana na wani mako biyun, a riƙa taɓa magnesium trisilicate in ƙirji ya yi zafi, amma ba lokaci ɗaya da ƙwayar ayon ba. Kafin nan ta riƙa shan omeprazole ɗin minti 30 kafin karin kumallo, da azumi kuma kafin sahur.

In kuka ga bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta da wari mai tsanani, ko amai da jini ko mai kama da garin kofi, ko jiri har ta kasa tsayuwa, ko ciki ya kumbura tana amai ba ta fitar da iska, ku wuce sashen gaggawa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ƙwayar ayon ma na baƙanta bayan gida, amma nata baƙin yana ɗan ja zuwa kore, ba danƙo, ba kuma wannan warin.